Hannun Daman Baba

A bayan garejin babana a Dutsen Kura akwai tulin ƙarafa guda biyu, kuma duk wanda ya taɓa aiki a wurin ya san ba a haɗa su. Tulin da ke jikin katanga Baba na kiransa rottame, wato abin da ya mutu murus, sai dai 'yan gwangwan su zo su kwashe. Wanda ke gindin darbejiya kuwa sunansa recupero. Nan ake ajiye famfon da ya daina jan ruwa, da giyar injin da haƙorinta ya karye, da duk wani ƙarfe da in an zauna an wanke shi da kananzir, an goge, an sake masa roba, zai koma bakin aiki. Ka jefa abu a tulin da ba nasa ba, ranar za ka sha zagi da yaren da ba ka sani ba.

Baba bakaniken manyan injuna ne. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki da Italiyawan da suka zo gina dam da hanyoyi a jiharmu, da suka tattara komatsansu suka tafi sai suka bar masa yarensu na gareji a baki. Bai iya karanta ko layi ɗaya ba, amma in noti ya ƙi kwancewa da Italiyanci yake masa faɗa. Mutum ne mai ƙarfin hannu. In ya gaisa da kai, sai ka duba yatsunka ka ga ko suna nan yadda ka kawo su.

Yaren nan nasa shi ya ja ni har ƙasar Italiya. Na yi shekaru ina aiki a wata masana'antar injin yankan tayil, na dawo Minna ba da wata dukiya ba sai harshen, kuma da shi nake ci har yau. 'Yan kasuwarmu na sayo injuna na hannu daga can, na gasa burodi, na haɗa askirim, na ɗinkin takalma, su iso da littattafansu da Italiyanci. Sai a kawo mini su shago in mayar da su Turanci, don injiniyan da zai haɗa injin ya san inda zai sa hannu.

Ba kalmar da ke wahalar da ni a wannan aiki irin ta gindin darbejiyar Baba. Malalacin mai fassara duk inda ya ga recupero sai ya dangwala recovery ya wuce abinsa, kuma wallahi abin na ƙona mini rai. A littafin murhun burodi daidai ne, don zafin da zai tsere ta bututu ake tarewa a mayar ciki, Bature ma heat recovery yake cewa. Amma a takardar magina gyaran tsohon gida ake nufi, nan renovation ne, in ka rubuta recovery sai injiniya ya ɗauka sace gidan aka yi aka gano. A wajen masu tsintar ƙarafa salvage ne. A filin ƙwallo mintocin da alƙalin wasa ke ƙarawa ne, a makaranta kuma darasin da ake sake yi wa ɗalibin da ya faɗi jarrabawa. Shekara da shekaru ina juya kalmar nan, abu ɗaya na ga ba ya canzawa: duk inda ta fito, akwai wanda ke haɗa gumi. Ko a asibiti haka ne. Ciwon da ke warkewa don kansa, irin miki ya rufe, suna da wata kalma daban, guarigione. Amma ƙafa ko hannun da ya daina aiki ake so ya koma, sai su dawo wa kalmar gareji. Turanci kuwa ya kwashe duka biyun ya zuba a buhu ɗaya.

Na san duk wannan, har burga nake yi wa mutane da shi a shago. Ban san za a biyo ni da shi har cikin gida ba.

Wata safiya Baba na shan koko, kofin ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin dama. Allah ya taimaka, magana ta dawo a hankali, ƙafar ma ta soma ɗaukarsa yana jan ta. Hannun ne ya ƙi. Yana nan kwance a kan cinyarsa kamar ajiyar wani aka ba shi.

Kafin a sallame mu aka haɗa mu da malamar gashin ƙashi, wata gajeriyar mata 'yar kudancin Kaduna, mai babbar murya. Mijinta tsohon kwastoman Baba ne, saboda haka ta ce za ta riƙa biyowa gida in ta tashi daga aiki. Ta kama hannun, ta lanƙwasa yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta ce ya matse nata. Babban yatsa ya ɗan motsa, manuni ma ya yi kamar zai bi shi.

"Ka gani?" ta ce da ni. "Hannu bai mutu ba, yana barci ne. Amma sai an ba shi aiki. Abinci, shi zai ci da kansa. Buta, shi zai dauka. Riga, shi zai sa. Ko ya zubar, ku bar shi. Idan kun yi masa komai komai, hannu zai kulle, kuma idan ya kulle ni ba ni da makulli. Yanzu yanzu ne lokaci."

Na fahimce ta sarai, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Aikin gindin darbejiya ta ba mu, ba wani abu ba. Baba ma ya fahimta, don na ga ya gyaɗa kai.

Muka fara kuwa. Kullum da safe in shimfiɗa masa tawul a ƙirji, in cusa cokali a yatsunsa, in ja baya. Rabin kokon a tawul yake ƙarewa. Baba ya yi ta zagin cokalin da Italiyanci, ni kuma zagin nan daɗi yake mini, don na san mai garejin na nan bai tafi ba. Mahaifiyata, Inna, ba ta iya kallo, sai ta tashi ta shiga kicin tana share ido. Amma cokalin ya soma isa baki, ko da a karkace.

Sai Goggo ta iso daga Kagara. Yayar Baba ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, don haka a gidanmu maganarta ba ta faɗuwa ƙasa. Ta shigo da kaji da ƙwaryar ƙwai, ta tarar da ƙaninta riƙe da cokali, koko na bin gemunsa, ni kuma ina tsaye na harɗe hannu.

"Innalillahi! Kai ɗan Italiya, me nake gani haka? Ubanka ne fa!"

"Goggo, likita ce ta ce a bar shi ya..."

"Likitar ce ta haife ka? Mutum da 'ya'yansa da matarsa da danginsa, a bar shi yana kokawa da cokali kamar wanda ba shi da kowa? Ba ni nan."

Ta zare cokalin daga yatsun da muka daɗe muna lallashi su kama, ta goge masa gemu da bakin mayafinta, ta shiga ba shi a baki. Baba ya dube ni, ya dube ta, ya karɓa.

Daga ranar hannun Baba ya shiga hutu. Ni ba na cewa mutanen gidanmu mugaye ne. Da mugaye ne da abin ya zo mini da sauƙi, sai in yi faɗa da su in huta. Lada suke nema, kuma a wajenmu dattijo mara lafiya gonar lada ce, kowa so yake ya samu kunyarsa ya nome. Inna ta wanke masa fuska ta sa masa riga. Ƙanena ya yi masa alwala gaɓa-gaɓa. Tsofaffin yaran garejinsa, waɗanda yanzu kowa da gemunsa da iyalinsa, su zo su ɗaga shi cak su kai shi inuwa. In ya yunƙura zai ɗauki carbi, kafin ya kai an rigaye shi an sa masa a hagu. Maƙwabcinmu mutumin Bida ya kawo wani man shafawa da ya ce a gidansu ake haɗa shi, aka shiga mulke hannun safe da yamma. Hannun ya sha mai har yana ƙyalli, amma ba a bar shi ya ɗauki ko tsinken sakace ba.

Ga kuma 'yan dubiya, ƙofar ɗaki ba ta rabuwa da takalma. Kowa ya shigo ya ce yaya jikin, a amsa masa baki ɗaya, da sauƙi. Haka ake amsawa a wajenmu ko mutum na kan gargara, na sani, da shi aka raine ni. Amma har malamar gashin ƙashi in ta biyo ta tambaya ko yana ci da kansa, amsar ke nan, da sauƙi, yana yi.

Ita kuwa ba a yi mata rufa-rufa, don hannun take tambaya ba mu ba. Ta kama, ta ja yatsun, Baba ya yi nishi. Ta ɗago kai ta dubi Goggo.

"Mama, kai ne kana ba shi abinci?"

"Ni ce. Laifi ne?"

"Ba laifi ba ne, amma kana kashe hannu. Ka bar shi ya sha wahala kadan. Wahala din shi ne magani."

Bayan matar ta fita Goggo ta ce yarinyar nan ba ta da tausayi ko kaɗan, mutum na nishi tana ƙara murɗe masa hannu. Zuwanta na gaba Goggo da kanta ta tare ta a ƙofar gida, ta yi mata godiya mai yawa, ta sa mata albarka, ta ba ta ƙwai a leda, ta ce in ana buƙatarta za a aika. Ina shago aka yi wannan. Da na dawo na ji, sai da na zauna a kan dakali na sha iska, don kada in shiga in faɗi abin da za a yi ta ba da labarinsa har jikokina.

A cikin kwanakin nan wani ɗan kasuwa ya kawo mini takardar wasu kayan asibiti da suka zo masa a cikin kwantena, har da ƙwallayen roba na matsawa. A saman takardar ga kalmar nan ta Baba, an haɗa ta da hannu. Na rubuta rehabilitation, don shi ne sunanta a wannan fanni, na zauna ina kallon abin da na rubuta raina na tafasa. Na roƙi ƙwallo ɗaya na kai gida. Goggo ta juya ta, ta ce dattijo da furfurarsa me zai yi da ƙwallo, ta miƙa wa jikoki. Kafin la'asar ta faɗa kwata.

Na kai ƙara wajen Baffa, ƙanin Baba, ina ganin shi zai tsaya ya ji ni. Na yi masa bayani da abin da na sani, na ce injin da aka ajiye ba a tayarwa tsatsa ke cinye shi, ko da kullum ana goge masa jiki. Ya saurare ni har na gama.

"Ubanka ba inji ba ne," in ji shi. "Kuma ka yi tunani. Baƙi na shigowa daga Kagara, daga Bida, daga ko'ina. Su tarar da Yaya yana zubar da tuwo a riga mu muna zaune muna kallo? Me za su je su faɗa? Lafiya ta Allah ce, in ya nufa hannu zai tashi. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba."

Yaro! Ni da furfura a gemu. Kuma wa ya ce lafiya ba ta Allah ba ce? Ruwan sama ma na Allah ne, amma ban taɓa ganin Baffa ya zauna a ɗaki yana jiran dawa ta shuka kanta ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a ƙarƙashin duk tausayin nan akwai tsoron bakin mutane. An gwammace rigar Baba ta zauna fes a gaban baƙi, ko da hannun zai tafi. Na faɗa masa haka ƙiri-ƙiri, ya ce zaman Turai ya cire mini kunya. Na tashi na bar masa ɗakinsa, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Saura mutum ɗaya da maganarsa za ta raba gardama, shi ne mai hannun. Samunsa shi kaɗai ma aiki ne, don barin mara lafiya a ɗaki ba kowa abin kunya ne a wajenmu. Sai ranar da famfo ya ƙi kawo ruwan dam ɗin Tagwai, ƙanena ya fita neman 'yan garuwa, matan kuma suka leƙa barka a maƙwabta. Na ja kujera kusa da shi.

"Baba, kai ka san abin da malamar nan take nufi. Ka ce musu su bar ka. Kai za su ji."

Ya daɗe yana kallon hannun. A lokacin maganarsa a hankali take fita, sai ka yi haƙuri ka jira ta.

"Na sani," ya ce. "Amma ita ta goye ni. Tsohuwa ta baro gonarta ta zo, ta miƙo mini cokali, in kau da kai? Uwarka kuma in na ce ta bari, sai ta ɗauka wani laifi ta yi. Ka bar su su samu ladansu. In sun gaji sai mu yi namu aikin."

"Baba, hannun ba zai jira su gaji ba."

Can ya ce, "To ɗauko mini sifana mai lamba sha uku."

Na ɗauko masa daga gareji. Dabarar ita ce ya ɓoye ta a ƙarƙashin filo, duk sanda ɗaki ya zama ba kowa ya ciro ya riƙa matsawa. Washegari Goggo na kakkaɓe shimfiɗa ta ci karo da ita. Sai ta mayar da ita wurinta har da yaba mini, wai ashe ɗan Italiya bai manta gida ba, ya san ƙarfe a ƙarƙashin filo na korar iskokai. Sifana ta tsira. Sai dai ɗakin ne bai taɓa zama ba kowa ba. In Goggo ta tashi salla Inna ta zauna, in Inna ta shiga kicin ga 'yan dubiya sun yi sallama. Baba kuwa ba zai ciro ta a gaban mutane ba, don kada a ce hidimar da ake masa ce ba ta ishe shi ba. Wai kawaici. Ni dai ban taɓa ganin halin kirkin da ya yi ɓarna irin wannan ba. Abin da ya rage mini shi ne in ja masa yatsun da safe kafin in fita, Goggo na tsaye a kaina tana cewa a hankali, ya isa haka.

Haka damina ta wuce. Da kaka ta yi Goggo ta koma Kagara girbi, tana hamdala ƙaninta ya yi ƙiba fatarsa ta murje. Ranar da ta tafi na je da kaina na ba malamar gashin ƙashi haƙuri, na ɗauko ta. Ta zauna a gaban Baba ta ɗauki hannun. Yatsun sun dunƙule cikin tafi, wuyan hannun ya lanƙwashe ciki. Ta ja a hankali, ta sake ja, Baba ya ciji leɓe. Sai ta mayar da hannun kan cinyarsa ta shafa shi.

Na so ta yi faɗa. Da ta wanke mu tas da na ji sanyi a raina. Ba ta yi ba.

"Zan rika zuwa," ta ce. "Zan taimaka kada ya rika ciwo, kuma a iya bude shi a wanke ciki. Amma cokali..." Ta girgiza kai. "Baba, ka fara koya da hagu."

Da hagu! Mutumin da ya taɓa tsinka mini mari don na miƙa wa baƙo ruwa da hagu. Inna da ta ji ta ce Allah bai nufa ba. Baffa ma haka ya ce, da muryar wanda maganarsa ta tabbata. Magana yanzu ihu bayan hari ne.

Da ƙafar ta ƙara ƙwari, Baba ya ce in kai shi gareji. Babban yaronsa na da, wanda ke riƙe da wurin yanzu, ya taso da murna yana goge hannu a wando, ya miƙo. Baba ya tsaya yana kallon hannun da aka miƙo masa. Sannan ya ɗago hagu, ya ce, "A gafarce ni." Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

Aka ajiye masa benci tsakanin tulin nan biyu. Don a faranta masa rai, yaron nasa ya jawo wani tsohon famfon ban-ruwa da wani manomi daga wajen Tagwai ya kawo, ya ce, "Maigida, wannan ina za a jefa shi?" Baba ya sa aka juya masa shi, ya leƙa ciki, ya zaro sifanar nan daga aljihu ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne.

"Recupero," ya ce. "Amma yau za ku buɗe shi. Kuka bari ya sha wata damina, ya tafi."

Sannan ya ajiye sifanar, ya sa hagu ya ɗago hannun daman daga cinyarsa, ya juya shi, ya duba shi yadda ya duba famfon. Ya nuna tulin jikin katanga da haɓa.

"Rottame," ya ce, ya yi dariya.

Mutanen garejin suka taya shi, don ba su san abin da za su yi ba. Ni ban yi ba.

Da muka koma gida muka tarar da takalman Goggo a ƙofa. Ta zo duba shi, ta dama masa kunun gyaɗa da hannunta. Ta dube shi sama da ƙasa, ta ce masha Allah, jiki ya yi kyau, hidima ba ta faɗi ƙasa banza ba. Ta juyo kaina.

"Ka gani ko, ɗan Italiya? Da an biye maka da yanzu ya rame ya lalace."

Ta zauna kusa da shi, ta ɗebo kunu a cokali, ta hura. A lokacin Baba ya riga ya iya ci da hagu, ko ɗigo ba ya zubarwa. Na ga hannun hagun ya motsa a kan gwiwarsa zai ɗago, sai ya koma ya kwanta. Baba ya buɗe baki.